Inna Nyima, Mai Noma a Bakin Gishiri

Kafin in buɗe shagona da safe, Inna Nyima Tendeng ta riga ta je bakin ganuwar lakar da ke tare wa gonakinmu ruwan kogi ta dawo. Wannan kaɗai bai isa yabo ba, domin kafin in buɗe shagona kusan kowa a garinmu Etafun ya riga ya yi wani abin kirki, har awaki. Ni tela ne, sunana Landin, kuma tun ina saurayi na gano cewa bayana ba ya jituwa da kajendo, dogon shebur ɗin da mazanmu ke juya laka da shi. Babu likitan da ya taɓa ganin ciwon, amma ni da nake ɗauke da bayan na san abin da nake ji. Tagar shagona tana kallon fadama, kuma wanda ba ya noma yana da lokacin kallon masu yi. Da wannan hujja nake rubutu.

Takan fita tun ruwa bai gama farkawa ba. A damina gonakinmu sukan cika fal, sama ta sauko ta kwanta a cikinsu, gajimare ya riƙa yawo tsakanin kunyoyi kamar ya ɓatar da wani abu. Sai ka hango wata 'yar tsohuwa da kwando a ka, tana bin siririyar hanyar laka, sama a bisanta, sama a ƙarƙashinta. Balbelu ba sa tashi in ta wuce. Takan wuce gonakin tudu inda ruwa ke da daɗi, ta wuce na tsakiya, ta wuce inda mai hankali zai tsaya, har zuwa 'yar gona ta ƙarshe da ke jingine da babbar ganuwa. Bayan ganuwar nan kogi ne, kogin namu kuwa teku ce da ta yi ɓatan kai ta shigo cikin itatuwa. Kullum ruwan gishiri yakan hau, ya dafa ganuwar ya ji ko tana nan, ya koma.

A can takan tsuguna ta tsoma yatsa a ruwan gona ta ɗanɗana. Ta leƙa kututturen giginyar da aka rarake aka binne a gindin ganuwa, wanda ta cikinsa ake sakin ruwa idan kogi ya janye. Ta toshe ramin ƙaguwa da diddige. Daga nan sai ta tsaya tana kallon shinkafarta, irin tsayuwar da uwa ke yi a kan yaro mai zazzaɓi da ya samu barci.

Shinkafar muna kiranta Mai-gemu. Ja ce, gajeriya, kowace ƙwaya da dogon gashi mai sukar hannu. Ba ta bayar da yawa a gona, ba ta auki a tukunya. Matan garinmu sun ce wanda ya surfa ta sau ɗaya zai yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata masa rai, don ya ga abin da ya fi su taurin kai. In an ci ta, takan zauna a ciki kamar baƙon da bai zo da niyyar tafiya ba. Abu ɗaya ta iya: tana rayuwa a inda sauran ke mutuwa.

A Etafun iri ta hannun mata yake bi. Ranar da yarinya za ta tare, uwarta ce ke aza mata kwando a ka, da damin iri a ciki. Ba a sayar da shi, ba a ba bare, ba a ba ɗa namiji. Abin da ya rage a rumbun mace ranar da ta rasu, sai a surfe a dafa wa masu zaman makoki. Inna ta zo da Mai-gemu a ka daga wani tsibiri can kusa da bakin teku, tana budurwa mai wuya kamar na barewa, in ji waɗanda suka gani. Sai Allah ya ba ta 'ya'ya maza zalla. Tun ina yaro nake jin mata suna faɗa ƙasa-ƙasa cewa ranar makokin Nyima za a cinye ƙarshen shinkafar nan, da manja da kifi, a wanke hannu. Ita ma ta san ana faɗa. Ta ce ba ta da ta cewa, amma duk wadda ta fi baki ita za ta yi surfen.

Na taɓa tambayarta, tana zaune a bencin shagona tana jiran in gyara mata zane, yadda gishiri ke kashe shinkafa. Na ɗauka za ta ce ƙona ta yake yi.

“Ƙishirwa ce, Tela,” in ji ta. “Tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, ƙishirwa tana kashe ta.”

Ta ce ruwan gishiri ba ya shiga saiwa yadda na daɗi ke shiga, shi ne ma ke jan na jikinta ya fita. Sai shinkafa ta naɗe ganyenta, ta rufe bakinta da rana tsaka don kada ta zubar da ɗan abin da ya rage mata. Farar shinkafa, ta ce, 'yar gata ce, duk abin da ya zo ƙofa sai ta buɗe masa, gishirin ya haye har ganye. Mai-gemu kuwa tana da mai tsaron ƙofa a saiwa. Kaɗan-kaɗan take sha, tana tacewa, tana mayar da mafi yawan gishirin waje. Ƙarfin da wata shinkafa ke zubawa a ƙwaya, ita a bakin ƙofa take kashe rabinsa, shi ya sa ba ta cika rumbu. Na ce ashe marowaciya ce da dalili. Ta ce in yi ɗinkina.

Lokaci biyu ne, ta ce, ko Mai-gemu ba ta iya faɗa: tana jaririya, da lokacin da take fure. Don haka take renon dashenta a tudu, bayan gida, ƙarƙashin bishiyoyi, har ya yi ƙwari fiye da na kowa. Ba ta kai shi fadama sai ruwan sama ya wanke gonar an saki, ya sake wankewa an saki, harshenta ya yarda. Ba ta dasawa a kan tsinin kunya, domin rana takan jawo gishiri ya taru a can, sai a kafaɗarta. In girbi ya zo kuma, ba daga inda gonar ta fi kyau take ɗibar iri ba. Takan je kusurwar da ta fi muni, dab da ganuwa, inda yawancin zangarniya ƙaiƙayi ne babu ƙwaya, ta bi da 'yar wuƙarta tana neman waɗanda suka cika duk da haka. Su take ɗaurewa daban, ta rataye.

Mijinta, marigayi Baba Famara, duk shekara sai ya rantse ba zai ƙara sa kajendonsa a wannan gonar banza ba, duk shekara kuma shi ke fara juya ta. Bayan rasuwarsa autansu Insa ya gaji kajendon, ya gaji rantsuwar.

Ke ce, Inna, kika yi ta shuka abin da ba wanda ya roƙe ki, a shekarun da ruwa ke da daɗi, gari yana cin fari yana yi miki dariya. Ban taɓa jin kin ce wata rana za mu gani ba. Da ni ne, da na faɗa kullum, har da ranar salla.

Sai aka yi shekarar da ganuwa ta ɓalle. Damina ta yi rowa shekaru a jere, laka ta bushe ta tsattsage, sannan a ƙarshen rani ruwa ya yi wata hawa da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da safe muka tarar teku a gonakinmu, kwance, shiru, tana ƙyalli, ƙananan kifaye suna yawo inda muke girbi. Kyawunta ya fi komai ba ni tsoro. Maza suka yi ta fama har suka ɗinke ganuwar. Ni na kai musu ruwan sha, wanda shi ma aiki ne. Da ruwan ya ƙafe sai ƙasa ta yi fari fat, tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Kowa ya san ko damina ta zo, ba za ta wanke wannan a shekara ɗaya ba, kuma farar shinkafa ba za ta kai labari ba.

Nan aka tuna da Baba Sitafa Manga. A wurinmu arziki tsohuwar shinkafa ce. Mutumin kirki shi ne wanda ke da dami a rumbu da ya girmi 'ya'yansa, ya yi baƙi da hayaƙi, yana jiran ranar jana'izarsa don baƙi su ci su san wanda aka rasa. Baba Sitafa yana da irin wannan rumbu, kuma a can ƙasansa akwai jar shinkafa mai gashi, tun zamanin da kowa ke shuka ta a bakin ganuwa. Hatsin rumbun namiji abinci ne, dokar iri ba ta hau kansa ba. Dattijon nan ya sa aka fito da shinkafar jana'izarsa, ya ce a raba wa gari a shuka. Ban taɓa ganin kyauta mai nauyin wannan ba. Mata suka yi guɗa, aka kai tudu aka watsa, aka zauna jira.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Ciyawa ta fito. Baba Sitafa yakan je da sandarsa kowace safiya ya zauna a gefen wurin, yana kallon ƙasa. Wata rana ya tona da yatsa ya ciro ƙwaya, ya murza, ta narke. Mu da muka yi shekaru muna alfahari da tsufan shinkafarmu, mun ɗauka duk abin da bai ruɓe ba yana da rai. Ta yi kyau a tukunya, amma ta daɗe da mutuwa a rumbu, ba wanda ya yi mata makoki.

A duk wannan hidima ba a ga Inna Nyima ba. Tun kafin ruwan farko ta sa Insa ya share mata fili bayan gida, wanda ya ninka abin da 'yar gonarta ke buƙata sau da yawa. Mutane suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Matata Aramata ta shiga gidan aron turmi, ta tarar da ita cikin rumbu tana share ƙasa da tsintsiya, tana tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya daga tsagar bango. Irin da abincin duka ta haɗa ta watsa. Ba ta bar na tukunya ba.

Da dashen ya taso kore shar, tsofaffin mata suka gane inda aka dosa. Goggo Satu, wadda ita ce babbarsu, ta je ta tuna mata cewa irin uwa ba ya fita sai ta kan 'ya. Inna ta ce ita ba ta ba kowa iri ba, ba kuma za ta bayar ba, tana tsoron uwarta ko a kabari. Ranar dashe ta cire abinta duka, ta ɗauki na gonarta ta je ta dasa. Ragowar kuwa ta ɗaure shi ƙulli-ƙulli, ta shafe saiwoyin da ɗanyar laka, ta jera a inuwa a bakin hanyar fadama. Ta koma gida ta ja ƙofa, ta ce kanta ke ciwo, kada a tashe ta. Kowa a Etafun ya san dashen da ya ragu a bakin hanya ba na kowa ba ne.

Na ga abin da ya biyo baya ta tagata. Mata suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da abin da ya fito da ita: wannan za ta ɗebo kawa, naman ruwan nan mai ɓawo, a bakin kogi, waccan akuyarta ce ta ɓace. Kowacce in ta iso inuwar nan sai ta ɗaga kai tana duba hadari, hannunta kuwa ya sauka da kansa. Ba mai gaida wata. Ba a taɓa yin shiru irin na ranar nan a garinmu ba, sai ƙarar ƙafa cikin ruwa. Goggo Satu ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi kowa daɗewa tana duba hadarin.

Bai isa a cika gonaki ba, amma kowane gida ya samu 'yan kunyoyi. A shekarar nan farar shinkafa ta tsaya fari tas da ƙaiƙayi, iska tana kaɗa ta tana ƙara kamar busasshiyar ciyawa, Mai-gemu kuwa ta sunkuyar da kai. Ita muka ci. Mun yi ƙorafin taurinta, amma da baki cike muka yi. Kafin girbin, watannin da rumbunta ke fanko, Inna ta rayu da rogo da kawa, da kuma wasu kwanuka da takan tarar a bakin ƙofarta waɗanda har yau ba a san masu su ba. Ɗaya dai ya yi kama da namu ƙwarai.

Sannan ruwan sama ya dawo, gonaki suka yi daɗi, kowa ya koma wa farar shinkafarsa. Jar da aka girba aka cinye ta kaf, ba wadda ta rataye dami. Ba na kiran wannan butulci. Wanda ya ce butulci ne bai taɓa riƙe taɓarya a kanta ba. Mai-gemu ta koma inda ta fito, gona ɗaya, mace ɗaya. Bambancin kawai shi ne yanzu duk mun san iri ba ya jira a rumbu. In aka tsallake damina biyu ko uku ba a shuka shi ba, shi ke nan.

Bara gwiwoyinta suka ce sun gaji. Insa ne ya goyo ta daga bakin ganuwa ranar ƙarshen girbi, tana riƙe da daminta, tana yi masa faɗa yana girgiza mata iri. Manyan 'ya'yanta suna can biranen Dakar da Zigincor, matansu kuma kowacce da irin uwarta, in ma tana shuka wani abu banda tumatir a bokiti. Insa bai yi aure ba, yana dai cewa yana dubawa. Gari ya yi jimami yadda muka iya, wato muka ce Allah ya kawo mafita muka ci gaba da harkokinmu.

Wata safiya ta aiko a kira ni. Na ɗauki tef ɗin awo, na ɗauka ɗinki ne. Yaron aike bai kai ni gidanta ba, sai gindin rimin da tsofaffin mata ke zama, inda namiji ba ya zuwa sai ya yi laifi. Na tsaya ina lissafa wadda na riƙe wa zane fiye da kima, na ga kusan dukansu ne.

Inna tana zaune a tsakiya, ƙafafunta a miƙe. Ta shaida musu cewa ta yi ta cewa ba ta da 'ya, ashe mantuwa ce. Ta tuna musu cewa lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo ina jariri, ita ta shayar da ni tare da babban ɗanta, wannan kuwa kowa ya sani. Abin da ya rage a duba shi ne ko abin da ta shayar ɗin namiji ne. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganina da kajendo ba. Zare da allura ta sani a hannuna. Kuma babu cikin da aka ɗauka ko auren da ya mutu a Etafun da ban riga su ji ba.

Goggo Satu ta dube ni daga sama har ƙasa. “Landin, ka taɓa juya kunya ko ɗaya?”

Na fara bayani a kan bayana, tun daga asalinsa.

“Ya isa,” in ji ta. “Nyima, 'yarki ce. Amma ba mu taɓa ganin raguwa irinta ba.”

Wata daga baya ta ce ai shinkafar ma gemu gare ta, sun dace. Suka ɗaura mini zane a kan wandona, suka naɗa gammo, Inna ta sa aka ɗaga ta tsaye ta aza mini kwando a ka da hannunta. Nan na daina dariya. Suka rako ni da waƙa ta tsakiyar gari har gida. Maza suka fito kallo. Baba Sitafa, daga kan tabarmarsa, ya tambaya ko an riga an yi mini miji, don shi yana da ɗaki a buɗe. Aramata ta tarbe ni a ƙofa ba ko murmushi, ta ce in sauke a hankali, yaya.

Haka na shiga damina ta bana. Insa ya juya gonar yana rantsuwa, ni na reni dashe, na shiga layin mata na dasa a kafaɗar kunya, ana gyara mini hannu daga hagu da dama. Inna ba ta iya zuwa, sai ta mai da ni idonta da harshenta. Kowace safiya in je in dawo in ba da labari: ruwan ya kai ina, ɗanɗanonsa kamar me, kamar hawaye ko kamar miya. Na gano cewa a can ƙarshen fadama babu kowa sai kai da numfashin kogi a bayan ganuwa. Wani lokaci nakan tsaya har in manta abin da ya kawo ni, in ji kamar gonar ce ke tafiya a hankali, ni da ita, zuwa wani wuri.

A tsakiyar damina ruwa ya ɗauke. Rana ta yi ta shan gonar, abin da ya rage ya yi ɗaci a baki. Wata safiya na tarar ganye ya ƙone, ja-ja, a bushe, yana rataye. Na dawo da gudu, ni da ba a taɓa ganin guduna ba, na faɗi a gabanta na ce na kashe mata shinkafar uwarta.

Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. “Wane ganyen?”

Na ce ganye dai.

“Na ƙasa ko na sama, 'yar nan? Koma ka buɗe zuciyar shinkafar ka gani.”

Kafin in tashi ta yi mini bayani. Mai tsaron ƙofa, ta ce, ba ya tare duka, dole wani gishirin ya shige. Wanda ya shige, shinkafar ba ta barinsa ya yi yawo. Takan kwashe shi ta kai wa tsofaffin ganyen ƙasa, ta yi ta cusa musu, su yi ta karɓa har su bushe su faɗi da shi. Sabon ganyen da ke tsakiya ba ya ko sanin an yi. In na ƙasa ne suka ƙone, aiki take yi. In na tsakiya ne, to, in zo mu yi kuka tare.

Na koma na tsuguna cikin laka, na buɗe gindi ɗaya da yatsu. A tsakiyar busassun ganyen nan akwai wani siriri, naɗaɗɗe, kore kamar yau aka halicci launin. Na buɗe na gaba, haka. Na daɗe a tsugune. Da na dawo, da yake ni mutum ne mai son magana ta yi kyau, na fara ce mata ai ita ma haka ta yi wa garin nan, ta sha gishirin don na baya. Ta jefe ni da wake, ta ce kada in kuskura in mai da ita busasshen ganye tana zaune tana numfashi.

Allah ya sa ruwa ya dawo kafin fure. Na girbe abin da ya samu, na je kusurwar ganuwa na zaɓi waɗanda suka cika, hannuwana duk suka. Na kai mata ina tafe ina jin kaina, ina shirya irin tawali'un da zan nuna in ta yaba. Ta shafa zangarniyoyin, ta ciji ƙwaya ɗaya, ta raba damin biyu, babba da ƙarami. Ta ce babban na Sona ne.

Sona ita ce babbar 'yata. Ta daɗe da zaɓar wani masunci daga tsibiran ƙasa, inda gishiri ke shiga har rijiya, an kuma sa biki bayan girbi. Na dubi damin, na dubi Inna.

“Da ka ɗauka don ƙwazonka na zaɓe ka?” in ji Inna. “Ba ni da hanyar ba ta sai ta kan uwa. Aramata tana da nata irin. Kai ne ba ka da komai.”

Ashe Sona ta sani, Aramata ta sani, duk matan gindin rimi sun sani. Ni da nake riga kowa jin labari, ni kaɗai ne ban ji wannan ba. Na ce to tunda kwalekwale ya ƙetar da kaya, sai a ɗaure shi ya huta. Ta tura mini ƙaramin damin da ƙafa, ta ce ba a taɓa yin 'yar da ta daina shuka irin uwarta don ta aurar da tata ba.

Inna Nyima, 'yar tsibiri, mai gonar ƙarshe. Ke ce kika ciyar da gari ba tare da kin ba kowa komai ba. Ke ce kika bi doka har kika gaji da ita, kika zagaya ta baya kika gaishe ta. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, ba ki da hoto a bangon kowa, shi ya sa na rubuta wannan tun kina da kunnen ji da hannun jifa. Mun gode. Allah ya sassauta wa gwiwoyinki, ya daɗe bai ba mu dalilin buɗe rumbunki ba.

Ku kuma masu karatu, kowane gari yana da tsohuwar da ke rataye da wani dami da ba wanda ke so, don yana da wuyar surfe ko ba ya cika rumbu. Ku je ku tambaye ta me ya iya. Ku roƙi hanyar da za a ba ku, ku shuka ko kunya biyu ce, a shekarar da ba ku buƙatarsa. Kada ku bari sai ƙasa ta yi fari.

An yi bikin Sona makon jiya. Dangin ango suka zo da kwalekwale, ba wanda ya gaya musu komai. Da lokacin aza kwando ya yi suka ga Aramata ta koma gefe, wani mutum mai furfura a gemu ya fito ɗaure da zane. Suka dubi juna, suka dubi ƙasa, mutanen kirki ne. An kawo Inna bakin ruwa a kan kujera. Na ɗaga kwandon, sai na ga ban san abin da uwa ke faɗa a wannan wuri ba, don ba a taɓa faɗa mini da ƙarfi ba. Na waiwaya. Inna ta motsa baki, na karanta, na maimaita wa 'yata: ki shuka ta kowace shekara, har shekarar daɗi.

Sona ta gyara kwandon a kanta. Ta dube ni ido cikin ido, ba ta yi dariya ba.

“Na ji, Inna,” ta ce da ni.